Shokazobar gaba ta KYB Excel-G a kan Corolla: kayan kirki ne, amma kwalin bai cika ba

Duk mai tuƙa Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 tsakanin Agege, Oshodi da Apapa a Legas ya san shokazobar gaba ba ta daɗewa. Alamun mutuwarta a fili suke: mai na tsatsowa a jikin bututun, gaban mota na dunƙurawa idan an taka birki, taya na cinyewa tabo-tabo. A kasuwar Ladipo da ke Mushin za a nuna maka tokumbo (wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje), da sabuwa mai araha wadda ba a san asalinta ba, da kuma KYB Excel-G ta kamfanin nan na Japan. A ganina ta ukun ce ta cancanci kuɗinta.

Mai bututu biyu ce, da mai da iskar naitirojin a ciki. Aikin iskar shi ne hana man yin kumfa idan ya ɗau zafi, abin da ke sa shokazoba ta saki jiki bayan doguwar tafiya a gargada. A kan titi za ka ji motar ta ɗan ƙara tauri, musamman idan ka saba da tsohuwar da ta mutu. Wasu direbobi ba sa son haka. Amma motar tana daina lilo bayan ta faɗa rami, sitiyari kuma ya natsu a kwana. Tokumbo kuwa caca ce: an wanke ta, an goge, babu mai iya faɗa maka tafiyar da ta yi kafin ta iso Legas.

Jabu na yawo, don haka a duba tun a shago. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta yi daidai da ta kwali, waldar maƙalai ta zama mai tsafta. Ka danna sandar da ke fitowa daga bututun zuwa ƙasa da hannu ka saki. Mai kyau za ta taso da kanta a hankali, ba tare da tsalle ba. Ta dama da ta hagu ba ɗaya ba ne, kuma biyun ake canzawa tare.

Inda na rage mata maki shi ne abin da ke cikin kwalin. Shokazobar ce kawai. Babu sifirin, babu mauntin na sama (mazaunin da ke haɗa ta da jikin mota), babu robar ƙura. Wanda ya mayar da tsohon mauntin zai ci gaba da jin ƙwas-ƙwas idan ya murɗa sitiyari, ya ɗora wa sabuwar laifin da ba nata ba. Robar ƙura da ta yage kuma ita ke barin yashi da ruwan damina su kankare sandar har mai ya fara zuba. A saye su tare, har da linkej (ɗan ƙarfen da ke haɗa shokazoba da sandar daidaito mai hana mota kwanciya a kwana) idan ya yi sako-sako.

Ana iya aikin a gida in akwai jak, ƙarafan tokare biyu, abin matse sifirin da sifanar awon ɗauri. Tun da daddare a fesa man sassauta tsatsa a kan notuka, domin iskar Legas mai laima tana cin ƙarfe. A ɗaga gaban motar duka biyu, in ba haka ba sandar daidaito za ta ɗaure linkej ya ƙi fita. Idan kusar linkej tana juyawa tare da noti, a riƙe ta da makullin alan mai milimita 6. A kwance maƙalin tiyon birki da wayar ABS (na'urar hana taya kullewa idan an taka birki), sannan manyan kusoshi biyu na ƙasa, sai notuka uku na sama a ƙarƙashin bonet. A tallafe mazaunin taya kada ya kifo waje, don yana iya zaro shaf daga gurbinsa ko ya ja tiyon birki.

Notin tsakiya, wanda ke saman sandar shokazobar, shi ne wurin haɗari. Kada a taɓa shi sai an matse sifirin ta ɓangarori biyu har ya saki mazauninsa. Sifirin ɗin nan nauyin gaban mota yake ɗauka. In ya kuɓuce yana karya hannu ko muƙamuƙi. Ɗaure shi da igiya ko waya, kamar yadda ake gani a wasu garejoji, ganganci ne. Wanda ba shi da abin matsewa ya kai wa makanike shokazobar a hannu a sauya masa sifirin, sauran aikin ya ƙarasa da kansa.

Wajen mayarwa, bakin sifirin ya zauna daidai cikin gurbinsa na ƙasa, kuma kada a kama sandar mai sheƙi da filaya. Ɗaurin wannan ƙirar: kusoshin ƙasa 153 Nm (niyuton-mita, ma'aunin sifanar awon ɗauri), notuka uku na sama 39, notin tsakiya 47, linkej 74, notukan taya 103. Corolla ta 2009 zuwa sama awonta daban ne, a duba littafinta.

Kusoshin ƙasan nan biyu su ke riƙe da karkatar taya, saboda haka daga gida sai wurin alaimen, kafin motar ta hau Gadar Third Mainland da gudu.