Sikana da tikitin Martinsville, ko biyan tashoshin talabijin?

Malam, ka ce kuɗin da ka ware wa NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, bana ba za su ɗauki abu biyu ba: ko ka biya tashoshin talabijin na kaka guda, ko ka sayi sikana da tikitin tsere ɗaya. Sayi sikana, ka tafi filin tsere na Martinsville. Bayanin da zai biyo baya don kada ka ce na yanke maka hukunci ba hujja ne kawai.

Tawa sikanar tana but ɗin mota yanzu haka, a naɗe cikin tsohon tawul tare da abin kunnenta. 'Yar ƙaramar rediyo ce, ba ta fi oba-oba girma ba. Aikinta ta kamo maka maganar da direba yake yi da mutanensa ana tsaka da gudu. Mutum biyu za ka fi ji. Akwai ogan makanikai da ke zaune a bakin layin shan mai, shi ke cewa a shigo ko a zauna, a canza taya biyu ko huɗu. Akwai kuma wanda suke kira sifota, yana tsaye can saman rufi da tabarau mai hangen nesa, shi ne idon direba, yana gaya masa akwai mota a hagunka, tana nan, tana nan, ka wuce ta. Lambar mota ita ce lambar tasha. Ka danna 5 ka ji Kyle Larson, ka danna 11 ka ji Denny Hamlin, ka danna 23 ka ji Bubba Wallace. Sai dai fa ka shirya kunnenka, don idan ran direba ya ɓaci ba mai tace masa baki. Ranar da na ɗauki ɗana, tashar masu sharhin rediyo na bar masa.

Abin da ya sa ba zan taɓa sayar da ita ba ya faru ne ran 30 ga Oktoba, 2022. Zagaye 500 ake yi a Martinsville ran nan, kuma daga nan za a fitar da mutum huɗun da za su je Phoenix neman kambu. Ni ɗan Hamlin ne, ba na ɓoyewa, kuma lissafi ya nuna mu ne da gurbi. Har na fara haɗa jaka. Sai wani dattijo Bature da ke kusa da ni, wanda tun rana muke magana da hannu saboda ƙara, ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ɗaga yatsa ɗaya. Na danna 1, tashar Ross Chastain. Ina ji aka tabbatar masa cewa sai ya wuce mota biyu, ga shi saura rabin zagaye, kuma motocin sun yi masa nisa. Na ce a raina an gama. Da ya iso kwana ta uku, inda kowa ke taka birki, sai mutumin nan ya saka giya ta biyar, ya jingina motar da bango, ya take totur har ƙasa. Motar ta bi bango tana hayaƙi kamar an harba ta da gwafa. Daga na goma ya dawo na biyar, ya sha gaban Hamlin a daidai layin ƙarshe. Daƙiƙa 18.845 ya yi zagayen nan. Christopher Bell ne ya ci tseren, amma ba wanda ya kalle shi.

Na zauna riƙe da kai, dattijon yana ta dukan kafaɗata yana dariya har da hawaye. Chastain ɗan gidan manoman kankana ne daga Fulorida, idan ya ci tsere kankana yake fasawa a kan kwalta, kuma daga baya ya ce a wasan kwamfuta ya koyi wannan dabarar tun yana yaro. A farkon 2023 hukumar ta hana a sake. To waɗanda suka kalla a gida sun ga motar ta bi bango, gaskiya ne, har an yi musu ta maimaitawa. Ni kuwa na san dalili tun kafin ya aikata, da daƙiƙoƙi kaɗan. Wannan 'yar tazarar ita nake saya.

Me ya sa Martinsville ba Charlotte ba? Charlotte mil ɗaya da rabi ce, kuma tseren Coca-Cola 600 na ƙarshen Mayu mil 600 ne, zagaye 400, a fara da rana a gama da dare. Wanda bai saba ba, kafin a kai rabi ya fara duba agogo. Martinsville kuwa mil 0.526 ce kacal, ita ce mafi gajarta a filayen da ake tara maki, miƙaƙƙun hanyoyi biyu da matsattsun kwanoni, duk inda ka zauna kana ganin fili baki ɗaya. Tun 1947 take nan, ta girmi NASCAR ɗin kanta da aka kafa a 1948. Wanda ya ci, dogon agogon katako ake ba shi a madadin kofi. Daga Greensboro ba ka cika awa ɗaya a hanya ba ka shiga Bajiniya ka iso, ga shi sau biyu suke zuwa a shekara, da bazara da kuma wajen ƙarshen Oktoba. Ka nemi kujerar sama. A ƙwallo na ƙasa ne mai gata, a nan kuwa na ƙasa ƙurar taya yake sha, motoci na wuce shi fiu-fiu bai san wa ke gaba ba. Suna barin a shiga da 'yar kula mai laushi, don haka da guzurina nake zuwa. Jan tsiran nan nasu da ake ta zuzutawa ban taɓa kai shi baki ba, ka san dalili. Azahar da La'asar kuwa a gefen mota nake yi, da 'yar dardumata, ba wanda ya taɓa ce min kanzil.

Talabijin fa? Tana nuna tsere, ba zan yi mata ƙarya ba.

Na taɓa ɗaure kaina da wani kamfani na shekara guda cur saboda NASCAR kaɗai, har yau idan na tuna sai na ji zafi. Tashoshi sun fi ɗari, biyu nake buɗewa, kuma duk watan Disamba da Janairu da ba a tsere ina biya. Yanzu ma lamarin ya ƙara rikicewa. Daga 2025 zuwa 2031 gida huɗu aka raba wa kakar: Fox ta fara da 14, Prime Video ta karɓi 5, TNT 5, NBC ta rufe da 14. Yawancin na Fox a FS1 suke, yawancin na NBC a USA, duka biyun na kuɗi ne. Wato ko ka biya kebul, tsere biyar ɗin Prime Video na tsakiyar shekara sai ka sake buɗe aljihu. Ga talla. Kana cikin kallon mutum biyu kafaɗa da kafaɗa sai a kai ka wajen masu inshora, kafin a dawo an ɗaga tuta rawaya, alamar kowa ya rage gudu saboda matsala a fili, sai a ba ka labari. Abin da zan yaba, Dale Earnhardt Jr. da Steve Letarte sun iya sharhi, suna magana kamar waɗanda suka san ƙamshin taya, kuma Mike Joy na Fox dattijo ne a sana'arsa. Amma ba don muryar mutum zan ƙara ɗaure kaina shekara ba.

Abin da nake yi yanzu, eriya ce ta ɗaki mai araha. Tana kamo Daytona 500 a watan Fabrairu da sauran 'yan kaɗan da ake sawa a babbar Fox da babbar NBC, tana kuma kamo CW da ke nuna duk tseren rukuni na biyu kyauta, inda yaran gobe ke dambe. Sauran a rediyo nake ji, MRN ko PRN, ina tuƙi ko ina gyaran wani abu a gida. Masu sharhin rediyo a tsaye suke a kwanoni daban-daban suna miƙa wa juna magana, wallahi wani lokacin sun fi hoto daɗi. Kada wani ya ce maka ai manhajar waya ma tana da muryar direbobi, don me za ka sayi sikana. A gida tana da amfani. A fili, inda dubban mutane ke rububin sabis ɗaya, sai mota ta wuce ka kafin maganar ta iso.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, don an taɓa yi wa wani namu. Akwai masu yawo da wani akwati suna cewa ka biya sau ɗaya ka kalli kowace tasha har abada. Har abadan nan wata uku ce, daga nan akwati ya mutu, lambar mai sayarwa ta daina shiga. Haka masu tsayawa a bakin titi ranar tsere da tikiti a waya: hoton tikiti ɗaya za a tura wa mutum biyar, wanda ya riga isa ƙofa shi ya shiga. Daga shafin filin ka saya. Sikana ta hannu ma ka yi hattara. Wasu tsofaffin yayi ne da sai ka zauna ka shigar da mita ɗaya-ɗaya da hannunka, wasu kuma ramin abin kunnen ya lalace, sai ka riƙe waya da yatsa kafin ka ji. Idan mai sayarwa ya ƙi a saka batir a gwada a gabanka, ka ba shi haƙuri ka wuce. A bakin fili akwai rumfar masu haya, su ne kuma ke sabunta tashoshi da safen tsere, tunda mitoci na canzawa. In kana shakka ka yi haya karon farko. Ni dai na san ƙarshenta saya za ka yi, shi ya sa na ce kada ka yi asara sau biyu. Abin kunne kuma mai rufe kunne ruf za ka nema, ba irin na waya ba, don ƙarar motoci kusan 40 a cikin wannan kwanon ba wasa ba ce.

Hula kada ka yi saurin saya. Wani abokina ya kashe kuɗi a jaket ɗin Kyle Busch mai lamba 18, shekara na zagayowa a 2023 mutumin ya koma lamba 8 a wata ƙungiya. Ka bari ka ji su da kunnenka tukuna. Za ka ga fili ya ɗauka da tafi idan an kira Chase Elliott, za ka ji ana yi wa Hamlin ihu shi kuma yana murmushi, ga shi ya ci Daytona 500 sau uku, ya kai nasara 60 a 2025, kambu kuwa ya ƙi zuwa. A 2025 ma a Phoenix yana gaba saura zagaye uku aka ɗaga tuta rawaya, Larson ya tafi da shi. Kada ka tayar min da wannan maganar a mota.

Idan ka yanke na Oktoba ne, ka yi min magana da wuri, akwai wuri ɗaya a bayan motata. Ka taho da rigar sanyi da batir na ajiya, don nawa ba na ba da aro.