Masu tipar marmara a sabbin unguwannin Damagaram: suna kawo kaya, ba sa gina hanya

Wanda ya buɗe taswirar rabon filaye ta wata sabuwar unguwa a bayan garin Damagaram zai ga tituna miƙe sak, wani faɗinsa mita 10, wani 15, manyan ma sun fi haka. A ƙasa kuwa rairayi ne da turakun siminti na iyaka. Ana yanka filaye a sayar tun ba a tanadi kuɗin hanya da na kanibo (magudanar ruwa) ba. Gwamnatin ƙasa manyan hanyoyi ne a wuyanta, irin RN1 mai zuwa Yamai da Diffa da RN11 mai zuwa Tanut da Agadas. Titin cikin unguwa na ofishin magajin gari ne, shi kuwa aljihunsa bai kai ba. Ko a 2018, da aka yi wa gari kwalliyar Zinder Saboua don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba, manyan tituna kwalta ta bi. Kafin a waiwayi na gefe, wannan ya ci mita biyu da katanga, wancan ya kafa rumfa, titi ya koma lungu.

Shi ya sa mutanen layi kan yi karo-karo su kira masu tipa su zubo marmara. A gaskiya wajen sauri ba su da laifi. Da rani, in an shirya da safe, kafin la'asar an fara juye kaya, kuma direbobinsu sun san yadda ake shiga rairayi da lodi ba a kafe ba.

Wajen awo ne sai an buɗe ido. Layi mai tsawon mita 100, faɗi 6, kauri santimita 15, yana cin kubik mita 90 bayan an danne. Sakakkiyar marmara tana raguwa in ta sha danni, don haka a ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama wajen kubik 112: sawu 11 zuwa 12 ke nan na tipa mai ɗaukar kubik 10. A auna tsawo da faɗi da zurfin bodin motar kafin a yi ciniki, domin "sawu" ba ma'auni ba ne, kuma lodin yamma ba ya cika kamar na safe. A duba kayan ma. A jiƙa dunƙule ɗaya a matse a hannu: in ya ruguje nan take yashi ya yi yawa, in ya manne kamar tuwo laka ce, da ruwan farko babur zai fara santsi. Mai kyau yana riƙe jikinsa, ana jin tsakuwa a tafin hannu.

Babban aibin masu tipa shi ne da sun juye sun tafi. Samari su baje da shebur, a bar wa tayar mota danni. Ba a yayyafa ruwa ba, ba rola (motar danne ƙasa), ba doro. Hanya kuwa tana son tsakiyarta ta ɗara gefe da kamar santimita 10 a wannan faɗin, da rami a kowane gefe mai kai ruwa inda ya saba gangarawa. Ƙarƙashin rairayin, Damagaram a kan dutse take, ruwa ba ya nutsewa da wuri, gudu yake yi ya nemi tabki. In aka ɗaga layi ya fi dokin ƙofa tsawo ba tare da magudana ba, ruwan Agusta zaure zai shiga, katangar ƙasa kuma ta gindi take fara ci.

Saboda haka aikin ya cancanci kuɗinsa ne kawai in an ware na gireda (motar baje ƙasa), motar ruwa da rola tun farko. In kuɗin bai isa ba, gara a yi mita 50 da kyau da a shafa wa 100 hoda. Ƙarshen damina ya fi dacewa, ƙasa na da sauran laima. Kafin sawun farko, a je ofishin magajin gari a ga taswira, a tabbatar da iyakar titi da inda bututun ruwa ya bi, kada gireda ta fasa shi.