An binne min risibar mawus a cikin laftof, aka haɗa da kyamarata

Wata uku ke nan da na kai ThinkPad X230 ɗita Beirut Road da ke Kano aka saka mata 'yar risibar mawus (abin nan da ake cusawa a ramin USB don mawus mara waya ya yi aiki) a cikin cikinta, kuma har yau in na tuna ranar Talatar nan sai raina ya sosu.

Masu irin wannan kwamfuta sun san ramukan USB uku ne da ita, biyu shuɗaye a hagu, ɗaya ruwan ɗorawa a dama. Na daman ya daɗe da kwancewa, don kullum da risibar a jiki nake cusa kwamfutar a jaka, har bakin ramin ya buɗe. Sana'ata buga furojet ɗin ɗalibai, firinta na son rami, filas ɗin mai aiki na son rami, ga mawus shi ma ya tsare ɗaya. Shi ya sa da wani abokina ya ce akwai mai gyaran da ke fasa robar risiba ya like ta da dalma a ciki, ban yi wata-wata ba.

Gaskiya mutumin ya san aikinsa, wannan ba zan tauye shi ba. A gabana ya kwance kibod, ya ɗaga murfin da ake ɗora hannu, ya yi min bayani dalla-dalla. Waya huɗu ce USB, biyu na wuta, biyu na saƙo, kuma akwai kayan da ke cikin laftof waɗanda da ma ta wannan layi suke magana da bod, wato babban allon cikin kwamfutar, irin su kyamara da na'urar dangwala yatsa. Ya kuma duba risibar ya ga tambarin nan ruwan lemo na Logitech Unifying, ya ce na yi sa'a, don ita tana ɗaukar na'ura har 6, ko mawus ɗin ya mutu sai in haɗa wani ta manhaja ba tare da an sake buɗe kwamfutar ba. Risibar gama-gari kuwa da mawus ɗinta take mutuwa. Muka tsaya a kan cewa layin dangwala yatsa zai ɗauka, tunda ban taɓa amfani da shi ba. Na maimaita masa sau biyu.

Bayan la'asar na dawo na karɓa. Wallahi na ji daɗi. Ina kunna kwamfuta mawus ya kama, babu abin da ya leƙo a gefe, ko daga bakin ƙofar shagona na motsa shi yana amsawa. Har mutum biyu na tura masa a satin.

Kwana 12 bayan nan aka sa min ganawa ta Zoom da wata ƙungiya da ke neman mai shigar musu da bayanai, ƙarfe 10 na safe. Na yi wanka, na sa farar shadda, na ɓare 'yar takardar da nake mannawa a kan kyamara, na shiga. Baƙi ƙirin. Ina jin muryarsu, suna ta cewa in buɗe bidiyo. Na kashe kwamfutar na kunna, na shiga jerin na'urori na duba, ko sunan kyamara babu, kamar ba a taɓa ƙera ta da ita ba. Hannuna na rawa na koma waya, ita kuma caji ya yi ƙasa, ana tsakiyar tambaya ta ɗauke. Ba su sake nemana ba. Daren nan data mai yawa na ƙona ina sauke direba, wato manhajar da ke sa kyamara aiki, ina zargin Windows, ban kawo mai gyara a raina ba ko kaɗan.

Washegari na koma. Kafin ya iso, yaronsa ne ya faɗa min gaskiya: risibar ba ta ƙarƙashin murfin hannu, tana can saman fuska kusa da kyamara, kuma wayoyin kyamarar aka yanke aka ba ta. Da ogan ya zo na ce, "Injiniya, haka muka yi da kai?" Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, na ga ka manna takarda a kai, na ɗauka ba ka amfani da ita. Kuma can sama ya fi kama sigina, nan eriyar Wi-Fi ma take." Ta wannan fuskar ba ƙarya ya yi ba, jikin kwamfutar ƙarfe ne kuma ƙarfe na tare sigina. Amma kyamarar tawa ce, lambata na rubuce a littafinsa, kira ɗaya ya isa. Garin neman gira ya sa na rasa ido, kuma da bakinsa bai faɗa min ba lokacin da yake karɓar kuɗi. Wannan shirun ya fi yankan wayar ƙona min rai.

Ya gyara kyauta, ya mayar da kyamara, ya dawo da risibar layin da muka yi alkawari tun farko. Sai dai garin ɓalle robar gefen fuska karo na biyu ya karya mata haƙori guda, yanzu kusurwar hagu a ɗage take, ƙura na shiga. Nisan da mawus ke kamawa ma ya ragu, ko da yake a kan tebur lafiya lau. Wani abin kuma, in na jona hadis na waje, wato ma'ajiyar fayiloli, a shuɗin rami na ajiye shi kusa, kibiyar mawus takan riƙa tsalle. Wannan ba laifinsa ba ne, USB 3.0, wato shuɗin ramin, na fitar da hayaniya a zangon 2.4 GHz inda mawus ke aiki, Intel ma ta yi bayani a kai tun 2012. Da risibar na waje sai in matsar da ita da 'yar igiya, yanzu kuwa hadis ɗin nake turawa nesa.

Aikin kansa ina son sa, rami guda ya dawo min kuma na huta da laluben risiba a ƙasan jaka. Amma mutum biyun da na tura na kira su na ce su buɗe kyamara da Bluetooth su gwada. Ɗaya ya riga ya kai tasa, ya ce zai duba in ya koma gida.