Neman bayanin asusu don kotu: yadda na kwashe da wani reshen banki a Sakkwato

Rigimar kuɗin albasa ce ta kai ni Babbar Kotun Jihar Sakkwato, bayan wani dillali ya musanta cewa na tura masa kuɗin kaya har sau uku ta banki. Na ɗauka alat ɗin da ke wayata ya isa hujja, amma lauyana ya tura ni reshen bankina da ke Titin Kano in karɓo bayanin asusu irin wanda kotu ke amincewa da shi.

Buga takardar bai ɗauki minti 30 ba, a kan naira 20 kowane shafi, kuma ma'aikaciyar ta karɓe ni da mutunci. Da na ambaci kotu sai ta buga hatimi, ta sa hannu, ta ce shi ke nan, alhali da sauran aiki. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya shar'anta cewa takardar da ta fito daga kwamfuta sai an tabbatar da yadda aka fitar da ita, da cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma rashin cika wannan sharaɗi yana cikin dalilan da Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun intanet a shari'ar Kubor da Dickson. Sashe na 89 da na 90 kuma suna buƙatar jami'in banki ya tabbatar, da baki ko da takardar rantsuwa, cewa littafin da aka ciro bayanin na bankin ne, sannan wanda ya gwada kwafin da ainihin littafin ya tabbatar cewa sun yi daidai.

A nan ne reshen ya gaza, domin babu wanda ya san wannan a cikin ma'aikatan da ke zaune a kanta. Sau uku ina zarya cikin rana kafin manaja ya aika wasiƙar lauyana zuwa sashensu na shari'a a Legas, amsar kuma ta ɗauki kwana 16, har aka ɗage mana zama ɗaya.

Sai dai ba zan tauye musu haƙƙi ba: takardar shaidar da ta iso ba ta da kuskure ko ɗaya, kuma jami'in da aka aika wa sammaci ya iso kotu kafin ƙarfe 9, ya amsa tambayoyin lauyan dillalin a natse. Mai shari'a ya karɓi shafukan guda 11 a matsayin hujja a wannan zaman.