A bar su su kai zango, ko maigida ya sa baki?

A wani ofishin haɗa manhaja a unguwar Plateau, nan Yamai, na zauna da ƙungiyoyi biyu masu bin tsarin Scrum, wato wata hanyar tafiyar da aikin ƙungiya kashi-kashi. Dukansu suna yanka aiki zango-zango, mako bibbiyu, kuma kowace safiya sukan tsaya minti 15 a faɗi inda aka kwana.

Ta farko an sakar mata mara. Mai kula da buƙatun masu saye ne ke jera abin da ya fi gaggawa, masu rubuta manhajar su ɗebi iya abin da za su iya. Sabon abu in ya taso, ya jira zango mai zuwa. Ba gudu suke ba, amma Juma'a ta biyu akwai abin nunawa. Haka ma mutum 17 ɗin da suka tsara ƙa'idojin Agile, wato salon haɗa manhaja kaɗan-kaɗan wanda Scrum ke cikinsa, a jihar Yuta ta Amurka a 2001 suka so: a ba ma'aikata abin da suke buƙata, a amince musu.

Ta biyu kuwa, maigida ke faɗowa da waya a kunne: "Ku ajiye wannan, Alhaji yana son maɓallin biyan kuɗi gobe." Taron safe ya koma awa guda na ba da rahoto. Na leƙa allon da suke liƙa ayyukansu, kowane aiki da takardarsa: takardu tara a layin "ana kai", biyu kacal a "an gama". Gwajin manhajar ne ake fara tsallakewa, kurakuran kuma su dawo bayan sati. Wani matashi ya raɗa min cewa yanzu aikin kwana biyu, huɗu yake faɗa, tunda ya san za a katse shi.