Kod ko hadok? Ni dai hadok

Ka tambaye ni wane kifi za ka zaɓa, kod ko hadok, a shagon soyayyen kifi da dankali, wato fish and chips na Turawan Birtaniya. Hadok za ka saya, ɗan'uwa, kada ka tsaya dogon lissafi tsakaninsa da kod. Tunda Leeds karatu ya kai ka, ka faɗo daidai wurin: a Yokshaya, yankin da Leeds da Bradford suke, da kuma Sikotilan hadok ne kifin gida, kod kuwa mutanen Landan da kudancin Ingila suka fi saye.

Akwai wani ɗan shago a Bradford da nakan biya ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Layi har waje, domin Turawan ma Juma'a ce ranar cin kifinsu tun kaka da kakanni. Dattijon da ke suyar ba ya tara soyayye a gilashi. Sai ka faɗi abin da kake so sannan ya tsoma hadok ɗin cikin ƙullun fulawa a kan idonka, ya sake shi a hankali cikin tafasasshen mai. In ka fasa ɓawon sai ya ce ƙaras, tururi ya taso, tsokar fara tas tana rabuwa falle-falle, da ɗan zaƙi-zaƙinta, babu maiƙon da ya ratsa ciki. Dankalinsa kuma yankan kauri ne, irin Maris Piper, ciki laushi, gefe ya ɗan yi ja. A barbaɗa gishiri, a yayyafa ruwan khal, ka ci nan take. In ka bari aka naɗe maka har gida, tururi ya jiƙa ɓawon, ka yi asarar kuɗinka.

Kod ba laifi. Tsokarsa ta fi kauri, yana cika ciki, amma ni salam nake jin sa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan damfara. An sha kama masu shago suna soya fangasiyas, wani kifin kiwo mai araha daga Biyetnam, dangin tarwaɗa, suna sayar da shi a kuɗin kod, don sun san ƙullu ya rufe asiri. Duk allon da aka rubuta kifi kawai ba suna, ka tambaya. Mai gaskiya zai faɗa maka ba tare da kame-kame ba, har ya ƙara da cewa daga tekun Nowe ko Aislan aka kawo shi a daskare, kuma wannan ba aibu ba ne. In ka samu ganin fatar kafin a soya, hadok na da baƙin layi a gefe da baƙin tabo bayan kai, layin kod kuwa fari ne.

Sai maganar halal, wadda ta fi duk waɗannan. Shaguna da yawa a Yokshaya da kitsen shanu suke suya, kuma ba yankanmu ba ne. Wasu na zuba giya a ƙullun, musamman a mashaya, wasu kuma mai ɗaya suke soya kifi da sosej ɗin alade. Ka tambayi ukun nan kafin ka zaro kati. A unguwar Harehills nan Leeds da kuma Bradford shagunan Musulmi masu suya da man girki suna nan birjik. Ka nemi wanda manshi bai yi baƙi ba, ka ce hadok, kuma a soya maka sabo.