Na kai ƙasar tsakar gidanmu da ruwan rijiya awo a Kaduna

Ƙanena ne ya jawo wannan tafiya. Da na je gida wajen Anka hutun sallah, na tarar da buhunansa na dutsen zinare jingine a zaure, ga turmi ya yi furu-furu da ƙura, yara kuma na wasan ƙasa a gindinsa. Duk wanda ya tuna Dareta da Yargalma da Bagega a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ba zai ga haka barci ya ɗauke shi ba. Shi ya sa na nemi wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Kaduna. Ba zan kama suna ba, don ina da ƙorafi a kansu.

Tun a waya suka nuna sun san aikinsu. Suka ce kada in zuba ruwan a tsohuwar gorar lemo, in samo sabuwa, in ɗauraye ta da ruwan rijiyar sau uku. Ƙasa kuma in kankaro ta sama-sama a wurare daban-daban, kowace da ledarta, in rubuta inda na ɗebo.

Wata matashiya ce ta karɓe ni. Ta ɗauko na'ura mai kama da bindigar wasan yara, XRF suke ce mata, ta ɗora bakinta a kan ledar, kafin minti biyu lambobi sun fito. Ƙasar ƙofar gida da sauƙi. Da ta zo kan ta gindin turmi sai ta yi shiru, ta sake aunawa. Ta ce, "Baba, akwai ƙananan yara a gidan nan?" Na ce shida. Ta ce adadin dalmar ya ninka miligiram 400 a kowane kilo na ƙasa sau da yawa, wato iyakar da Amurka ta daɗe tana amfani da ita ga wurin wasan yara. Ta yi mini bayani dalla-dalla: dalmar tana cikin dutsen ne tare da zinaren, wani ma'adini mai nauyi da ƙyalli da ake kira galina. Daka shi ke mayar da ita ƙura, yaro ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan.

Matsalar daga awon ruwa ta fara. Sun ce mako ɗaya, sai da na yi uku ina buga waya ana ce mini injin ya tsaya. Da takardar ta fito kuma, Turanci ne zalla da alamomi irin su Pb da As, babu layi ɗaya da ke cewa a sha ko kada a sha. Sai da na koma wajen yarinyar nan ta nuna mini cewa dalmar ruwan ba ta kai maikirogiram 10 a lita ba, iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mutumin ƙauye da ya biya kuɗinsa me zai yi da irin wannan takarda?

Ba sa awon jini, wannan sai asibiti. Turmin dai an fitar da shi bayan gari, mun kankare saman ƙasar tsakar gida mun zuba sabuwa, irin yadda aka yi a Bagega a 2013. Bayan damina zan sake kai musu wata ledar, amma a gabana za a auna.